Ba Gumakan Ne Suka Tsone Mana Ido Ba

Ta shagon mai cajin waya littafin ya shigo ƙauyenmu, kamar yadda kusan komai ke shigowa yanzu. Babu wanda ya taɓa riƙe shi a hannu, babu wanda zai iya gaya maka launin bangonsa. Wani mai zaƙin murya ne ya karanta aka naɗa, yaron shagon ya kwafo daga Wudil ran wata Juma'a da ya je kasuwa, ya dinga tura wa mutane a mimori. Kaka ce, an kawo gyaɗa gida. Da daddare in ka bi lungunmu, ta kowace katanga muryar mutumin nan ce ke fitowa. A gidanmu ƙanwata kan jefa wayar cikin langa don sauti ya ƙaru, a kewaye ta ana ɓarar gyaɗa, ba mai ko tari sai an kai ƙarshen babi.

Labarin wani tsohon sarki ne a wata ƙasa da ba ta cikin taswira. Yana kwance yana jiran sa'i, mutum uku kuma na jiran numfashinsa ya ɗauke: ɗan uwargida, da ɗan sa-ɗaka wanda ya fi kowa jarumta, da ƙanin sarkin da furfura ta cim masa yana dakon rawani. A samansu akwai abubuwan bautar ƙasar, na kogi da na dutse da na fari, waɗanda ba su da abinci sai jinin yanka. Wanda aka daina yi wa yanka sai ya rame kamar saniyar rani. Don haka kowannensu ya kama ɗan takara guda, wanda ya yi masa alkawarin baƙaƙen bijimai. Da aka zo ƙarshen kashi na farko duk su ukun suka tashi a tutar babu, rawani ya faɗa kan wani yaro da bai daɗe da warkewa daga kaciya ba, don shi ne zai yi daɗin juyawa.

Mako biyu aka yi ba a hirar komai a gindin darbejiyar bakin masallaci sai wannan. 'Yan acaɓa duk ɗan sa-ɗaka suke so, har ɗayansu ya rantse shi da littafin har abada tunda an zalunci gwaninsa. Innarmu, wadda ba ta taɓa zama aji ba, ta ce ita uwargidan nan ta san ta, har gidan da take aure a garin nan ta sani, amma ba da bakinta ba. Sai ran nan bayan la'asar Liman ya sa aka kira masa yaron shagon, ya ce abin da yake rabawa shirka ce, ya goge shi daga kwamfutarsa. Daga nan gari ya rabu, masu cewa a goge da masu cewa a bari.

Ni ina cikin masu cewa a bari, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Amma a gaban Liman na yi karatun allo kafin in zama malamin firamare, ba zan wuce maganarsa kamar ban ji ba. Na same shi a zaure na ce, "Allah gafarta Malam, me ya fi ɓata maka rai a ciki?" Ya ajiye carbi ya ce, "Kai ba ka ji abin da yake kiran su ba? Alloli. Allan kogi, allan dutse. Yaro ɗan shekara bakwai na jin wannan kullum dare." A nan kam ba ni da ta cewa. Marubucin ya yi ganganci. Bahaushe bai rasa sunan da zai kira waɗannan abubuwa ba, yana da gunki, yana da tsafi, yana da dodo, yana da iskoki. Ko a tarjamar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi "abin bautawa" za ka yi ta gani. Wanda ya tsallake duk waɗannan ya je ya ɗauko sunan da muke kiran Mahalicci da shi ya yi masa jam'i, ko dai lalaci ne ya sa ya kwafo tsarin labaran wasu ƙasashe yadda ya gan shi, ko kuma bai san kunnen da yake yi wa rubutu ba. Da zan gan shi da wannan zan fara gaya masa, kuma gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba.

Inda muka rabu da Malam shi ne tsallen da aka yi daga kalma zuwa hukunci. Ambaton gunki ba bautar gunki ba ne. Su kansu malamai ke koya mana cewa mai naƙalto kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani ya kira Lata da Uzza da Manata da sunayensu a Suratun Najmi, ya jero gumakan mutanen Annabi Nuhu guda biyar a Suratu Nuhu. A zaurukanmu ana karanta waƙoƙin mutanen Jahiliyya don a ƙware a Larabci, ana karanta Maƙamar Hariri, wadda ƙagaggen labarin wani mayaudari ce daga farko har ƙarshe, ba a taɓa cewa almajiri ya bar addini don ya haddace ta ba.

Kai, mu bar Larabawa, mu dawo gida. Tarihin Kano, wanda malamai Musulmi suka rubuta da Larabci, Bature Palmer ya fassara shi a 1908, da me ya buɗe? Da Barbushe ya buɗe, ƙaton mafaraucin nan na kan Dutsen Dala da aka ce yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Da Tsumburbura ya buɗe, da itaciyarta da aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai Barbushe, da jama'ar da ke taruwa a gindin dutse da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Kuma abin da Barbushe ya fito ya sanar da su shi ne wani baƙo na tafe da runduna zai mallake su. Ka ga abin bauta da gadon mulki ke nan a shafin farko na tarihinmu, kafin ma Bagauda ya iso.

Ba a nan ya tsaya ba. Wangarawa sun zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji, amma ɗansa Kanajeji, da Zazzau ta kore shi a fagen fama, sai ya nemi shawara aka ce ya mai da abin da ubansa da kakansa suka rushe. Ya sa aka sare reshen itaciya, aka sami jan maciji a ciki, aka yi masa huffi da fatarsa, aka sassaƙa ganguna da reshen, sannan ya koma yaƙi. Marubucin tarihin bai ɓoye wannan ba, bai kuma tsaya yana neman gafarar mai karatu ba. Ga kuma Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe da fatu har ya zama abin yi wa yanka a fadar Kano, sai da Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya sa aka fasa shi da gatura. Mutane suka ce masa yadda ka fitar da Alƙur'ani daga Dirki haka za a fitar da kai daga ƙasar nan. Aka kuwa fitar da shi, a Burumburum ya ƙare. Wannan in da wani saurayi ne ya zauna ya ƙaga shi yau ya tura a waya, na tabbata da an kira yaron shagon caji. Ni da kaina ina tsayawa gaban 'yan aji huɗu in ba su labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, in kuma fitar da shi a jarrabawa. Gasar rubutun da aka yi a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, aljannu ne cike da abin da ta haifa, kuma iyayenmu da su suka koyi karatun boko.

Sannan a duba yadda littafin nan ya nuna gumakan nasa. Mayunwata ne, maroƙa, masu cin amanar juna a kan bijimi guda. Ban ga yaron da zai gama sauraro ya ji sha'awar durƙusa wa abin da ke rama in ba a ba shi jini ba. In ma wani darasi ya ɗauka, bai wuce raina su ba.

To in ba gumakan ba ne, me ya sa gari ya ɗau zafi haka? Mun sha sauraron littattafan yaƙi masu matsafa da bokaye da aljannu masu kai bakwai, shekara da shekaru, ba wanda ya kai ƙara. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ya bambanta da su ne a abu ɗaya, ya taɓo wa ke naɗa sarki.

Mu mutanen ƙasar Takai bai kamata a ba mu labarin rikicin gado ba. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice daga birni bayan Yusufu, nan Takai suka yada zango. Yusufu bai ga ranar shiga Kano ba, ajali ya riga shi, ƙaninsa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Jikokin mutum ɗaya ne fa, Ibrahim Dabo. Ba a cika shekara goma ba Turawa suka zo a 1903, Alu ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja, suka ɗora Abbas. A Haɗeja ma an yi irinta tun kafin nan, tsakanin Buhari da ɗan'uwansa Ahmadu, da hannun Sakkwato a ciki. Kowane karo akwai 'yan uba a ƙasa suna kokawa, akwai kuma wani a sama wanda shi ke da tasa buƙatar.

Na zamaninmu kuwa ko yaran da nake koyarwa sun gani. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, muka kwana muna bin sarki guda muka tashi aka ce mun koma ƙarƙashin wata sabuwar masarauta, ba wanda ya zo gindin darbejiya ya tambaye mu. Ranar 9 ga Maris 2020 gwamnatin Ganduje ta tuɓe Muhammadu Sanusi na II, aka naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke waccan dokar ta dawo da Sanusi, aka wayi gari da mutum biyu a birni ɗaya kowa ana yi masa busa, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a Gidan Nasarawa. A al'ada Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki. Amma tsaya ka tambayi kowane ɗan acaɓa a tashar Kachako wa ke naɗa sarki, ba sunan ɗayansu zai kira maka ba. Ban zo nan in ce wane ke da gaskiya tsakanin sarakunan biyu ba, kowa da gwaninsa, a gidanmu ma ba baki ɗaya muke ba. Abin da nake cewa shi ne duk wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru, ya ji labarin wasu masu iko a sama da ke zaɓar ɗan sarkin da zai fi yi musu yanka, ba ya buƙatar tafinta.

Aikin tatsuniya ke nan tun fil azal. Faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Kakanninmu ba su iya tsayawa a ƙofar fada su ce sarki azzalumi ne ko wawa ne, sai suka sa Gizo ya yi ta yi masa wayo, yara na dariya manya na gyaɗa kai. Da a ce marubucin nan ya rubuta "gwamna" da "hakimi" da sunan gari, da yanzu wani zancen ake. Ya ce na kogi da na dutse, kowa ya gane, ba kuma wanda zai iya kai shi kotu.

Akwai kuma wanda ya fi kusa, wanda ake ta kewaye shi a majalisa. Dagacinmu ya tsufa ƙwarai, Allah ya ƙara masa lafiya, gida biyu ne ke hangen kujerar, ɗaya na ɗan babbar mata, ɗaya na wani ɗaki. Kowa ya san waye ke yawan zuwa gaishe da hakimi, kowa ya san waye ke da ɗan siyasa a birni. Da samari suka fara kiran ɗayansu da sunan wani a cikin littafin, in ya wuce a babur ana ƙyafta ido, abin ya daina zama nishaɗi. Daga baya na ji cewa ba Liman ne ya fara jin littafin ba, kai masa aka yi, aka kunna masa daidai wurin da ake cewa "alloli", kuma wanda ya kai ɗin daga ɗayan gidajen nan yake. Ban zargi Malam da komai ba, abin da ya ji ya yi hukunci a kai, kuma don Allah ya yi. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda ya zama da sauƙi mutum ya ji an taɓa rawaninsa sai ya yi kururuwar an taɓa addini, don ya san nan ne ba mai iya tanka masa. Wannan cin fuska ne ga addinin ma.

Gogewar kuma ba ta yi ba, ba za ta taɓa yi ba. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano, zamanin shirin A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Fina-finai ta jiha kuma ta matsa wa marubuta su yi rajista. Rubutu bai mutu ba, kaura ya yi daga takarda ya koma waya. Da uba kan iya ɗaga filon 'yarsa ya ga abin da take karantawa, yanzu yana cikin abin da bai kai farce girma ba. Yaron shagonmu ya goge a gaban Liman, ya kuma cika alkawari. Amma waya nawa ya riga ya shiga? Abin da kawai ya canja shi ne an ciro wayar daga cikin langa, kowa ya toshe kunnensa yana ji shi kaɗai. Da ana sauraro a tsakar gida, in an zo wurin da bai dace ba Inna kan ce "a'uzubillahi, ƙarya yake," yara su ji labarin su ji kuma gyaran a zama ɗaya. Yanzu gyaran ne aka goge.

Kada a ɗauka wai kare littafin nake don ya burge ni. Ina da ƙorafi a kansa wanda ya fi na kalma nauyi, kuma shi ba wanda ya kai ƙararsa ko'ina. Awa da awanni ana labari, ban ji manomi ko ɗaya ya buɗe baki ba. Runduna ta bi ta "wasu ƙauyuka" ta wuce, an ƙone "wasu rumbuna", shi ke nan, a koma fada a ji me uwargida ta raɗa wa boka. Kakata ta ji labarin Basasa, wato yaƙin nan na Tukur da Yusufu, daga bakin tata kakar, kuma abin da ya rage mata a ciki ba sunan wanda ya ci ba ne. Mahaya ne ke tsayawa a bakin gari su ce na Tukur ne ku ko na Yusufu, ba ka san ko su na wa ne ba, kowace amsa ka bayar tana iya zama ta ƙarshe. Sai kwana a jeji da goyo, sai dawowa a tarar rumbu wayam, sai waɗanda aka kama aka tafi da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mu jikokin waɗannan ne, ba jikokin masu lema ba. Amma ga mu a gindin darbejiya, kowa ya zaɓi ɗan sarkinsa yana tayar da jijiyar wuya a kansa. Na gwada 'yan ajina, na ce wa kake so ka zama a cikin labarin. Duka yaran 'ya'yan manoma ne, kuma duka 'ya'yan sarki suka zaɓa, in ban da ɗaya da ya ce shi na kogi yake so ya zama don a dinga kawo masa nama.

Mutum ɗaya na ji ya yi tambayar da ta dace, wani dattijo maƙwabcinmu mai turka shanu, wanda ba ya cika sa baki a hira. Ranar ana ta gardamar ko ɗan sa-ɗaka zai dawo a kashi na biyu, ana lissafa bijimi nawa ya yi wa na dutse alkawari, nawa ɗan uwargida ya ƙara a kai. Ya ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ya ce, "Wai ni kam, 'yan samari, shanun nan da ake ta yankawa, a garken wa ake kamo su?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Baba, ai labari ne." Aka koma kan ɗan sa-ɗaka. Ya naɗe igiyarsa ya tashi, ya ce bari ya je ya zuba wa nasa harawa kafin magariba.